Tofa: Kowa Ya Bar Gida, Gida Ya Bar Shi

A wannan watan so nake ki ɗauki mayafinki ki raka ni ƙasar Tofa, domin akwai abin da na gano a can wanda ya shafi duk matar da maigidanta ya gina gida a garinsu, ya garƙama masa kwaɗo, ya kwashe iyali ya koma Kano ko Abuja ko Legas, ko ma Jidda da Landan, ba a buɗe gidan sai da sallah.

Tafiyar ba ta da nisa. Idan kika tashi daga Kabuga kika ɗauki titin Gwarzo, kika wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, da kin isa Janguza inda barikin soja yake, to kin taka ƙasar Tofa. Ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, ta kuma ƙunshi garuruwa irin su Lambu da Langel da Doka da Yanoko da Wangara. Mutane da yawa sun san sunan ne ta dalilin marigayi Alhaji Bashir Tofa, ɗan takarar shugaban ƙasa a zaɓen 12 ga Yuni, 1993. A ƙidayar 2006 an sami mutum 97,734 a cikin murabba'in kilomita 202, wato fiye da mutum 480 ke nan a kowane murabba'in kilomita ɗaya, kuma kin san yau an fi haka nesa ba kusa ba.

Wannan cikar jama'a ita za ki fara lura da ita ta tagar mota. Babu dajin da za ki ce ga shi, gona ce ta dafa gona, ga ɗorawa ga tsamiya ga kuka ga gawo a tsaitsaye, kowace bishiya da mai ita. Kafin ki gama wuce wannan unguwa kin hango rumbunan ta gaba. Wani Bature masanin labarin ƙasa mai suna Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da kuma Jami'ar Bayero, tun a shekarun 1960 ya yi nazarin wannan karkara da ta kewaye birnin Kano, ya nuna yadda manomanta ke noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba, saboda takin dabbobi da sharar birni da ake ɗaukowa a kan jakuna.

To, a wuri irin wannan ina ɓarawo zai ɓuya? Da asuba masallata ne a hanya, da hantsi manoma, da rana yara masu kai abinci gona da 'yan mata masu talla, da yamma dattawa a gindin darbejiya. Gidan gargajiya ma haka aka tsara shi. Zaure yana kallon hanya, maigida ko almajirai na ciki, darnin kara bai hana maƙwabciya jin kukan jaririnki ba, balle ƙarar fasa ƙofa. Baƙo bai isa ya ratsa unguwa ba a tambaye shi gidan wa ya zo ba. Idanun mutane su ne katangar ƙauye, kuma su suka tsare dukiyar iyayenmu da kakanninmu.

Amma ki dubi sababbin gidajen da 'yan birni ke ginawa. Da yake fili ya yi wuya a tsakiyar gari, sai a sayi gona a bakin gari a yi gini. A ja katanga mai tsawo, a jera mata fasassun kwalabe ko wayar ƙarfe mai ƙaya, a sa ƙatuwar ƙofar ƙarfe, ba zaure ba dakali. A zo ƙaramar sallah a yi kwana uku, babbar sallah kwana uku, sai ɗaurin aure ko ta'aziyya. Idan kika haɗa duka da ƙyar su kai kwana goma, sauran kwana 355 gidan na rufe. Katangar da aka yi don ta hana ɓarawo shiga, idan ya riga ya dira ciki ita ce za ta rufa masa asiri.

Irin wannan gida na raka wata ƙawata a ƙarshen damina, a wani ƙauye da ba zan ambaci sunansa ba. Mijinta yana aiki a Fatakwal, rabonsu da gidan tun babbar sallah. Mun je ta'aziyya ne, ta ce bari mu biya mu yi salla mu huta. Kwaɗon ƙofa yana nan lafiya lau, har da tsatsarsa. Da muka shiga sai ta tsaya cak, ta kasa ko da salati. An farfasa silin an zare wayar wuta kaf, an kwance fankoki da kawunan famfo, an cire tagogin alminiyom biyu, an jawo injin rijiyar burtsatse an tafi da shi, batiran sola babu ko ɗaya. Ta baya suka hauro, ta cikin gonar dawa wadda a lokacin ta fi tsayin mutum. Ga tokar wutar da suka hura a tsakar gida da ɓawon gyaɗa, alamar ba dare ɗaya suka yi ba.

Duk wannan bai sa ta kuka ba sai da ta shiga uwar ɗaka ta tarar an ɓalle kabad. A ciki ta ajiye kwanukan samira da tasoshin da mahaifiyarta, Allah Ya jiƙanta, ta yi mata jere da su, wai ta kawo su ƙauye ne don kada yara su lalata mata su a birni. Waya da fanka kuɗi na sayo wasu, amma waɗannan ina za ta same su?

Muka fita wajen wata dattijuwa da gidanta ya fi kusa. Ƙawata ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Gwaggo, ashe ɓarna aka yi mana haka ba ku ji ba?" Tsohuwar ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "'Yar nan, mun ji buge-buge kwana biyu, muka ce ko magina kuka turo. Ba mu san ranar zuwanku ba, ba mu san ranar tafiyarku ba, ko lambar wayarku babu mai ita a unguwar nan. Wa za mu tambaya?" Wallahi uwargida, kunya ce ta kama mu. Shekara huɗu da gina gidan, ƙawata ba ta taɓa taka ƙafarta cikin gidan tsohuwar nan ba sai ran nan.

Ki lura da irin kayan da aka ɗauka. Ɓarawon gidan da ba kowa ba ya gaggawa, shi ya sa yake bin abin da ke manne da gini. Jan ƙarfen da ke cikin wayar wuta da alminiyom da dalmar batir duk a kan sikeli ake sayensu, kuma da an narkar da su ba mai iya shaida su. Matsalar ba ta ƙauye kaɗai ba ce, domin a watan Janairun 2025 hukumar Babban Birnin Tarayya Abuja ta hana 'yan baban bola yawo cikin gari, ta kuma dakatar da kasuwannin fanteka na mako biyu saboda satar murafen magudanun ruwa da sauran kayan gwamnati. Ba ina nufin duk ɗan gwangwan ɓarawo ba ne, akasarinsu halaliyarsu suke nema. Sai dai inda kasuwa take, ɓata-gari ba sa rasa hanya. Sannan Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Wanda ya san ɗakin da batir yake, ya san ranar da kuka tafi, ba daga sama ya faɗo ba.

Ban da sata akwai sauran ɓarna da ke cin gidan da ke rufe a hankali. Kwano ɗaya iska ta ɗaga a farkon damina, ruwa ya yi wata huɗu yana zuba a kan katifa. Gara ta cinye ƙyaure da rodin katako, ciyawa ta cika tsakar gida, maciji ya sami masauki, 'yan shaye-shaye su mayar da kangon wurin taruwa, maƙwabta su shiga uku da 'ya'yansu. Akwai kuma wadda ta fi duka ciwo, wato a sayar da gida ko fili mai shi bai sani ba. Yanzu da birnin Kano ke ta miƙewa ta wajen Janguza da Langel, ƙasa ta yi daraja, dillalai sun yi yawa. Idan kin taɓa zuwa Legas kin ga yadda ake rubuta wa a jikin katanga da jan fenti cewa gidan nan ba na sayarwa ba ne. Wahala ce ta koya musu.

Kada ki ɗauka mu kaɗai ke fama. Turawan da ke da gidajen hutu a bakin teku a ƙasar Sifen sukan dawo su tarar wasu sun canza makulli sun tare a ciki, sai an yi ta shari'a kafin a fitar da su. A Ingila sai da aka yi doka a 2012 wadda ta mayar da tarewa a gidan zama na wani ba da izini ba laifin da ake ɗaure mutum a kansa, kuma kamfanonin inshora a can galibi ba sa biyan diyyar sata idan gida ya wuce kwana 30 ko 60 ba kowa a ciki, sai in an yi wata yarjejeniya ta daban. A Faransa kuwa tun 1974 suke da tsarin da mai tafiya hutu zai sanar da 'yan sanda, su riƙa zagayawa suna duba masa gida har ya dawo. Kin ga ke nan, duk da na'urorinsu, sun gane cewa gidan da ba idon mutum a kansa ganima ce. Mu kuwa Allah Ya ba mu abin da su suke nema da doka da kuɗi, wato maƙwabta da dangi, mu ne muke wasa da shi.

Saboda haka ga 'yan shawarwari da za ki kai wa maigida cikin hikima, lokacin da ya ci ya ƙoshi hankalinsa na kwance.

Na farko, a sa mutum a gidan. Ko sashe ɗaya ne a ware wa wani mai iyali, malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti da aka turo garin, ko wata 'yar'uwa mai riƙon marayu da ba ta da muhalli. Hayaƙin murhu da shanyar yara sun fi kowane kwaɗo korar ɓarawo. Amma a rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa da shaidu, a bayyana aro ne ko haya, don kada wata rana magada su yi rigima.

Na biyu, idan maigadi za a ɗauka, a nemi wanda mai unguwa ko dagaci ya sani ya kuma tsaya masa, a riƙa biyansa haƙƙinsa a kan lokaci. Mutumin da aka bari wata uku ba albashi a gidan da ke cike da kaya, an ɗora masa jarrabawar da bai kamata a ɗora masa ba. A kuma riƙa ba da gudummawar 'yan sintirin unguwa ko da ba a nan ake kwana ba.

Na uku, wannan naki ne ke kanki. Kada ki bar gwal ko kayan gado ko takardun gida da na gona a gidan da ba kowa. Injin ruwa da batir da janareta, in da hali a kwance su a kai ajiya gidan dangi. Ki ɗauki hoton kayan da suka rage da lambobinsu a wayarki, domin ranar da za a je wurin 'yan sanda su za a tambaya. Takardun fili kuma a tabbatar an yi su yadda hukuma ta tanada, da sa hannun shaidu da masu unguwa.

Na huɗu, a riƙa turo wani amintacce ya buɗe gidan ko sau ɗaya a wata, musamman daga Yuli zuwa Oktoba lokacin da gero da dawa suka rufe bayan gida, ya nome ciyawa ya duba rufi. Ke kuma ki ja kunnen yara, su daina sa hotunan cikin gidan a WhatsApp da Facebook suna sanar da duniya cewa an koma birni. Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Na ƙarshe, kuma shi ne uwa-uba, zumunci. Idan kin zo sallah kada ki ƙule a falo ke da 'yan rakiyarki. Ki shiga gidajen maƙwabta ki gaishe su, ki aika da naman layya da tuwon sallah, ki bar musu lambarki ki karɓi tasu, ranar tafiya ki yi musu sallama. Idan akwai rijiyar burtsatse a gidan, ki roƙi maigida ya fito da kan famfo ɗaya waje. Gidan da mata da yara ke ɗiban ruwa a ƙofarsa safe da yamma, kowa a unguwar maigadinsa ne, ga kuma lada.

Ƙawata dai ta gyara gidanta. Yanzu wani malamin firamare ne da matarsa da 'ya'yansu uku ke zaune a sashen baya, makullin ƙofar gaba kuma yana hannun Gwaggo. Kwanukan mahaifiyarta ba su dawo ba. Duk ranar Juma'a takan buga wa tsohuwar waya su gaisa, ita kuma ta ba ta labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu da yadda amfanin gona ya yi.

Allah Ya tsare mana gidajenmu da zuriyarmu, Ya bar mu da maƙwabta na gari, Ya sa mu ma mu zame musu na gari. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah Ya kai mu.