Abin da Hoton Bakin Teku Bai Nuna Ba

Duk wanda ya ga hoton da muka ɗora a Facebook, mu biyu tagwaye sanye da tabarau, bishiyoyin kwakwa a bayanmu, teku na ta tumbatsa, sai ya ce mun warke. Abokanmu na Rijiyar Lemo har cewa suke yi mun zama manya. Ƙannenmu na sakandare, ku matso ku ji abin da hoton ya ɓoye.

Kawunmu yana da shagon atamfa a Kantin Kwari, kuma ya daɗe yana zuwa Lome, babban birnin Togo, saro kaya. Bai yi boko ba, amma lissafin da yake yi da ka sai ya riga na'ura. A dogon hutun da ya wuce, bayan mun gama shekarar farko a Jami'ar Bayero, ya ce zai tafi da mu. "'Yan biyu," in ji shi, "ba yawon buɗe ido za mu ba. Ku ne idanuna a kan takarda."

Mun hau doguwar bas a Sabon Gari zuwa Legas, muka tsallaka iyaka a Seme, muka ratsa Kwatano, muka shiga Togo. Ba a tambaye mu biza ba, domin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar damar zama har kwana 90, amma an duba takardun tafiyarmu da katin rigakafin shawara.

A al'ada Kawu a Zango yake sauka, wajen wani tsohon maigidansa Bahaushe. Wannan karon wakilin kamfanin da zai saya wa kaya ya ce a haɗu a wani otal da ke bakin teku, dole ta sa Kawu ya kama mana ɗakuna na kwana biyu. Mu da ba mu taɓa ganin ruwan da ya fi na Tiga ba, sai ga wanda ba a ganin ƙarshensa. Can nesa jiragen ruwa sun yi layi suna jiran shiga tasha. Kawu ya nuna su da baki ya ce, "Kayan da kuke gani a Kwari, da yawansu haka suke zuwa."

A ɗakinmu akwai ɗan ƙaramin firji cike da lemo da alewa da gyaɗa. A samansa an ajiye wani kati da rubutun Faransanci. Ko kallo bai ishe mu ba. Muka ce ai baƙo sarki ne, muka cinye, muka shanye. Da yamma muka naɗe wanduna muka nufi ruwa, muka wuce wani allo mai jan rubutu. Igiyar farko ta taɓa mana ƙafa, ta biyu ta kwashe yashin da muke tsaye a kai, sai da muka riƙe juna. Wani mai gadi ya sheƙo a guje yana hura usur. Abin da ke jikin allon shi ne "Baignade interdite", wato an hana wanka. Ruwan wannan gaɓa yana jan mutum ciki da ƙarfi, mu kuwa ko a kududdufi ba mu iya iyo ba.

Washegari aka kawo wa Kawu takardar kuɗin firji: sefa 18,000. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mana sauƙi. Ya zaunar da mu ya ce mu lissafa turmi nawa zai sayar kafin ribarsu ta mayar da wannan kuɗi. Muka buga, muka samu goma sha biyu. Ya ce, "Turmi goma sha biyu kuka sha jiya. Ɗan kasuwa ba ya kwana kyauta. Gadon nan, da motar da ta kawo mu, da shayin safe, duk a kan atamfa suke hawa. In sun yi mata nauyi, matar da ta zo sayen kayan lefe sai ta wuce shagon gaba."

Kunya ta rufe mu, domin a ƙaramar sakandare darasin Faransanci shi ne lokacin da muke sulalewa bayan aji cin awara. Muna cewa me Bakano zai yi da shi? Alhali Nijar da Benin da Chadi da Kamaru, maƙwabtanmu duka huɗu, ana amfani da shi a cikinsu.

Daren nan ba mu leƙa teku ba. Muka kwana muna haddace lambobi da kalmomin ciniki a waya. Nan muka san cewa Bafaranshe in zai ce tamanin, "ashirin huɗu" yake cewa. Da safe wakilin ya zo da takardarsa. Muka bi ta layi-layi, ɗaya na karantawa, ɗaya na bugawa, hannuwanmu na rawa. Sai muka ga kuɗin dakon kaya ya fito sau biyu, a sama da kuma ƙasa, da kalmomi daban. Muka raɗa wa Kawu. Wakilin ya duba, ya ba da haƙuri, ya soke ɗaya. Abin da aka cire ya ninka kuɗin firji sau da yawa. Kawu bai yabe mu ba, sai dai ya miƙa mana jakar takardunsa mu riƙe, abin da bai taɓa ba kowa ba.

Kafin mu taso ya zaga da mu babbar kasuwar Lome, inda matan nan da ake kira Nana Benz suka yi suna a cinikin atamfa, har aka laƙaba musu sunan motar Marsandi da suke hawa. Sauran kwanakin a Zango muka yi su, a kan tabarma, muna cin tuwo da miyar kuka.

Hoton yana nan ba mu goge ba. An ɗauke shi ne minti kaɗan kafin mai gadi ya hura usur. Yanzu duk Asabar muna shago a Kwari muna rubuta wa Kawu shiga da fita, da daddare kuma mu buɗe tsohon littafin Faransancin ƙanwarmu ta aji biyu, ita ce ma take gyara mana furuci.