Coci da maƙabarta a Potelic

Nakan yi tunanin Potelic, wani ƙauye a yammacin Yukren, dab da iyakar Poland. Kan tudu akwai cocin katako da aka gina a 1502, wanda ake cewa maginan tukwanen garin ne suka tsayar da shi. Gumagumai ne aka ɗora kan juna, bangon ciki duk tsofaffin zane-zane. A 2013 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maƙabartar sojojin Jamus na Yaƙin Duniya na Biyu da ke ƙauyen. Da yaƙi suka zo, amma aka bar musu makwanci, abin da ba kowane gari zai iya ba. Wata ƙungiyar Jamus ce ke kula da kaburburan.