Ni da 'Mayya' a hunturun Mashi

Masu bibiyar wannan shafi sun saba ganin na ɗauko fim na feɗe shi daga kai har wutsiya, in ce wane ya iya, wane kuma ya koma makaranta. To, a wannan watan a yi mani uzuri. Yau kai na zan feɗe, a kan wata 'yar shuka mai cin ƙwari da ta kusa mutuwa a hannu na a garin mu Mashi, wadda Inna ta raɗa wa suna "Mayya".

Amma dai daga fim abin ya faro. Ina ƙaramar sakandare wani yaya na ya shigo da faifan wani fim na Amurka mai suna 'Little Shop of Horrors', wanda Frank Oz ya bada umarni a 1986. Labarin wani talakan yaron shago ne da ya tsinci baƙuwar shuka wadda ba ta cin komai sai jinin mutum. Ta jawo masa suna da kuɗi, shi kuma ya shiga nemo mata nama. Asalin labarin daga wani tsohon fim ne na Roger Corman na 1960, wanda aka ɗauki akasarin sa cikin kwana biyu kacal. Daren da na kalli fim ɗin, wallahi ko gindin zogalen gidan mu ban yarda na bi ba.

Sai da na shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina sannan na san cewa ba duka ne ƙaryar 'yan fim ba. Akwai shuke-shuke masu cin nama, sai dai naman na su ƙwari ne. Tun a 1875 Baturen nan Charles Darwin ya rubuta littafi sukutum a kan su. Wadda ta fi ɗaukar hankali na ita ce mai tulu, wadda masana ke kira Nefentis. Ta na da jinsi sama da 150, akasari a tsibiran Borniyo da Sumatara da ƙasar Filifin, akwai kuma a Madagaska. Masu son finafinan Indiya, ku ma ba a bar ku a baya ba, domin akwai jinsi guda a tsaunukan Khasi na Jihar Meghalaya, yankin da wasu garuruwan sa ke samun ruwan sama fiye da milimita 11,000 a shekara. Mu nan ƙasar Katsina na mu bai cika wuce 700 ba. Ku riƙe wannan lissafi, za mu dawo kan sa.

Yadda ta ke farautar ta kuwa abin mamaki ne. A ƙarshen kowane ganye akwai wani zare, a ƙarshen zaren kuma wani ɗan tulu mai murfi ya ke rataye. Bakin tulun na fitar da ruwa mai zaƙi. Ƙuda ko tururuwa su zo lasa, santsi ya kwashe su, su faɗa ciki. Bangon tulun sumul ya ke, ba wurin kamawa, a ƙasa kuma akwai ruwan da ke narkar da su, shukar ta tsotse. Murfin ba ya rufewa kamar yadda a ke nunawa a fim, aikin sa rage ruwan sama da zai cika tulun. Akwai wani jinsi a kan Dutsen Kinabalu na Borniyo wanda tulun sa ke cin sama da lita 3, har a kan tarar da ɓera ya nutse a ciki.

A watan Yuli na 2022 aiki ya kai ni Abuja, sai na hango ta rataye a wurin wani mai saida furanni a bakin titi. 'Yar ƙarama ce, da tuluna bakwai masu ja-ja, kowanne bai fi tsawon yatsa ba. Ban san sa'ad da na miƙa kuɗin da ya kamata in yi wa mutanen gida tsaraba da su ba. Haka na rungumo ta a kan cinya tun daga Abuja har Katsina, na sake mota zuwa Mashi.

Baba manomi ne, gero da wake da gyaɗa ya sani. Ya duƙa ya ƙare mata kallo, ya ce, "To mi ta ke haihwa?"

Na ce, "Ba ta haifar komai, Baba."

"A na miya da ganyen ta?"

"A'a."

"Dabba na ci?"

"A'a."

Ya miƙe ya kaɗe rigar sa, ya ce, "To kai da ita kun dace."

Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta soke ni. Tun da na gama difloma na ƙi neman aikin ƙaramar hukuma na kama rubutu a kan finafinai, ban taɓa jin Baba ya kira abin da na ke yi da sunan sana'a ba. A ran nan na ƙudura cewa ko me za a yi, shukar nan ba za ta mutu a gaban idon sa ba.

Damina ta yi mata daɗi. Na rataye ta a ƙarƙashin rumfa, ta na shan ruwan sama, ta na kama ƙudaje. Yaran unguwa su ka maida gidan mu gidan kallo, har sai da maganar ta fara canza kama, wai ɗan gidan wane ya kawo abin tsafi daga Kudu. Inna ta ce in dai Mayya ba ta wuce ƙuda ba, a bar ta ta ci.

Wata rana a cikin Satumba na ga gefen ganyen ya fara ƙonewa. Na tona na tarar an tura kashin awaki a cikin tukunyar. Kai! Na fito tsakar gida ina ta faɗa, ina tambayar wane marar aikin yi ne ya taɓa mani kaya. Gida ya yi tsit. Can sai na ji muryar Baba daga zaure, a hankali: "Ni ne. Na ga ta rame." Mai karatu, da ƙasa za ta tsage a ran nan da na shige. Kwana uku ina gaishe shi kai na a sunkuye.

Shi a sanin sa ya yi daidai, domin duk shukar da ya taɓa gani taki ta ke so. Ita kuwa wannan a ƙasa marar abinci ta tashi, inda ruwan sama ya wanke komai, shi ya sa ma ta koma cin ƙwari don ta samu abin da ƙasa ta hana ta. Saiwar ta siririya ce, taki mai ƙarfi ƙona ta ya ke yi. Ruwan rijiya da na burtsatse ma haka, gishiri-gishirin da ke cikin su ya kan taru a tukunya ya kashe ta sannu a hankali. Dole na ciro ta na wanke saiwar da ruwan sama, na maida ta cikin zaren ɓawon kwakwa da na jiƙa na ɗauraye sau da yawa. Allah Ya taimaka ta farfaɗo.

Babban kuskuren kuwa na wa ne, ba wanda ya taya ni. Da hunturu ya kawo kai, na shiga intanet neman yadda a ke ƙetarar da mai tulu lokacin sanyi. Na samu bidiyon wani Ba'amurke ya na bayani da ƙarfin gwiwa: a fitar da ita waje ta sha sanyi, a rage mata ruwa, a bar ta ta yi barci wata uku zuwa huɗu. Ban tsaya wata-wata ba na bi. A cikin Disamba na ajiye ta a tsakar gida, inda iskar arewa ke kaɗawa da ƙura, na kuma rage ruwa. Cikin mako biyu tulunan nan duk su ka bushe ƙayau kamar kilishi, ganyen ya yi yaushi.

Sai a lokacin na koma na karanta da kyau. Ashe mai tulu iri-iri ce! Wadda Baturen ke magana a kai Sarasiniya ce, ta fadamun Arewacin Amurka, wadda dole sai ta yi barcin sanyi kowace shekara, har masu renon ta a ƙasashe masu zafi kan sa ta a firji. Tawa kuwa 'yar ƙasar zafi da ruwa ce, ba ta san wani barci ba. Kuma sanyin da ya ke magana mai laima ne, ƙasa a jiƙe. Hunturun mu kuwa, ko da ya ke da asuba sanyi kan sauko kusan maki 12, babbar illar sa bushewa ce, domin da rana laimar iska ta kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Iskar da ke tsaga mana leɓe da ƙafa, ita na miƙa wa shukar da dangin ta su ka saba da ruwa irin na Meghalaya.

Na zauna na yi tagumi, sai wani abu ya faɗo mani. Sau nawa na rubuta a wannan shafi cewa wasu masu shirya finafinan mu su na ɗauko labarin Indiya ɗungurungum su dasa a Kano ba tare da sun tambayi ko ƙasar za ta karɓa ba? Ga shi ni ma na ɗauko umarnin Amurka na dasa a Mashi, don kawai na ji kalmar "sanyi". Laifi tudu ne. Tun daga ran nan na rage zafin alƙalami, ko da ya ke ban janye maganar ba.

Inna ce ta cece ta. Ta tsaya a kai na ta ce, "Kai yaron nan, abin da ka ce daga ƙasar ruwa ya fito, shi ka ke shanyawa kamar kuɓewa?" Ta sa aka ɗauko wata tsohuwar randa mai faɗin baki, aka zuba yashi zuwa rabi, aka jiƙa shi sharkaf. Ta kifa ɗan kwano a kan yashin, ta ɗora tukunyar Mayya a kai don kada gindin ta ya taɓa ruwan rijiyar. Mu ka rufe bakin randar da farar leda mai ganin ciki, mu ka huda ta kaɗan, mu ka ajiye a ɗaki na kusa da taga, inda haske ke shigowa amma iska ba ta duka. Kafin gari ya waye ledar ta yi gumi. Wato a cikin randa ɗaya Inna ta haɗa damina a tsakiyar hunturu.

Wannan dabara ta tuna mani da Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jihar Jigawa da ya ci lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ke adana tumatir da alayyafo ba tare da lantarki ba. Shi sanyi ya ke nema, mu laima mu ke nema, amma da bazara ta zo zafi ya haura maki 40, sanyin randar ma ya yi mana rana.

Saura ruwan sha. Jarka ɗaya tak mai lita 25 na tara da damina, kafin ƙarshen Fabrairu ta ƙare. Na je neman ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, wanda shi ma ba shi da gishiri, sai na tarar da hunturu ko ɗigo ba ta yi, saboda babu laimar da za ta tatsa. A ƙarshe sai tataccen ruwan da a ke ƙara wa batirin mota na riƙa saye in na shiga Katsina, ina jaddada wa mai shago cewa marar asid na ke so. Baba ya na gani na ina shigowa da kwalabe, bai ce uffan ba. Wannan shirun ya fi mani faɗa ciwo.

Wata biyar ba ta yi tulu ko ɗaya ba, ganye kawai, amma ta na raye. Sai da aka yi ruwan farko na 2023, wani zare ya kumbura, ya zama tulu kamar babban yatsa, murfin ya buɗe. A daren shinge ya fito ya cika gindin fitila. Ina zaune a ɗaki sai na ga Baba ya yi sallama, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya buɗe tafin hannun sa, ga shinge guda.

"Wannan ba zai ƙona ta ba ko?"

Na ce, "Ba zai ƙona ta ba, Baba. Ku sa mata."

Ya cire fukafukan ya jefa a tulun, ya daɗe ya na leƙe. Sannan ya sa na sake yi masa bayanin dalilin da ya sa ta ke cin ƙwari. Da na gama ya gyaɗa kai, ya ce ashe talauci ne ya koya mata dabara. Ya ce ai gawon da ke gonar mu ma haka ya ke da na shi hali: ya kaɗe ganye da damina lokacin da kowa ke kore, ya yi kore da rani lokacin da kowa ya bushe, kuma geron gindin sa ya fi na ko'ina kyau. Mu ka yi hira har dare ya raba. Rabon da mu yi irin ta tun ina makaranta.

Daga baya na karanta cewa mu ma mu na da ta mu mai cin ƙwarin. A tafkunan Arewa da na ƙasashen Sahel akwai wata ciyawar ruwa mai ɗan fure rawaya, masana na kiran dangin ta Utirikulariya, wadda ke da 'yan jakunkuna a ƙarƙashin ruwa da ke zuƙe ƙananan halittu cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Inda tafki ke ƙafewa, iri ta ke bari a cikin laka har ruwa ya dawo. Na tafi har Abuja neman abin da mai yiwuwa na sha tsallakewa a hanyar gona.

Zuwa daminar 2025 Mayya ta ƙetare hunturu uku. Duk wanda ke sha'awar reno, ga abin da na koya da tsada: ka fara sanin wace iri ce a hannun ka. Kada ka sa taki, kada ka ba ta ruwan rijiya. Ka tara ruwan sama aƙalla jarka uku, amma ka zubar da na farko da ya wanko ƙurar kwano. Daga Nuwamba ka ɓoye ta daga iska, ka nema mata laima, kuma kada ka firgita in tulunan sun bushe, muddin sabon ganye na fitowa.

Har yau Baba bai kira rubutu na sana'a ba. Amma in na yi tafiya shi ke jiƙa yashin randar, kuma in na bugo waya, kafin ya tambayi lafiya ta sai ya ba ni labarin tulu nawa su ka buɗe. Allah Ya ƙara wa iyayen mu lafiya da nisan kwana, amin. Mu haɗu a wata mai zuwa, akwai wani fim da ke jira na.