Miyar Cauda ta Bakin Tekun Bostan

A arewa maso gabashin Amurka akwai wani yanki mai jihohi 6 da ake kira Sabuwar Ingila. Babban birninsa shi ne Bostan, a bakin Tekun Atlantika. Ƙasa ce mai duwatsu, sanyinta kuwa ya fi na Jos nesa ba kusa ba, gama daga Disamba zuwa Maris ƙanƙara takan rufe gonaki. Saboda haka tun dā mutanen gaɓar suka dogara ga teku domin abinci.

Baƙon da ya bi gaɓar kudu da Bostan zuwa Kef Kod zai ga abin mamaki. Sau biyu kowace rana ruwan teku yakan janye, ya bar filin yashi da laka. Sai mutane su fito da manjagara da kwando suna tonon wata halitta mai ɓawo biyu, 'yar'uwar kawa, wadda suke kira kilam. Mutanen ƙasar na asali sun san ta tun kafin zuwan Turawa. Da ɓawonta suke yin duwatsun ado, waɗanda a ƙarni na 17 aka riƙa ciniki da su kamar yadda kakanninmu suka yi da wuri.

Da kilam ake yin farar miyar nan mai suna cauda. Asalinta abincin masunta ne, an haɗa ta da abin da ke jure ajiya lokacin sanyi. A Bostan akwai gidan abinci mai suna Union Oyster House, wanda aka buɗe a 1826, ya yi suna a kanta. Amma ainihin gidanta shi ne murhun uwargida.

Ga yadda take yi. Takan jiƙa kilam kamar kilo 2 cikin ruwan gishiri domin su fitar da yashi. Sai ta dafa su da ruwa kaɗan har ɓawon ya buɗe. Wanda ya ƙi buɗewa, zubarwa ake yi. Ta tace romon, ta yayyanka naman. Daga nan ta soya ɗan naman alade mai gishiri da albasa 1. Wanda ba ya cin alade sai ya sa man shanu. Ta zuba romon da yankakken dankalin Turawa 3. Idan dankalin ya nuna, ta rage wuta, ta zuba madara mai kauri kofi 2 da naman kilam ɗin. A nan ake bukatar haƙuri. In miyar ta tafasa, madarar za ta tsinke, naman kuma ya yi tauri kamar roba.

Akwai kuma abin lura tun daga bakin teku. Wani lokaci ƙananan tsiro masu dafi sukan yaɗu cikin ruwa, kilam su sha, kuma dafuwa ba ta kashe wannan dafi. A 1972 ya sa hukuma ta hana tono a gaɓar Masacusets. Don haka mai hankali yakan tambaya ko an buɗe wurin kafin ya ɗauki manjagara.

Mutanen yankin suna kishin miyarsu ƙwarai. A Niyok ana yin tata da tumatir, ta fito ja. Wannan ya ɓata wa wani ɗan majalisar jihar Mein rai, har a 1939 ya nemi a yi dokar hana sa tumatir cikin cauda. Dokar ba ta tabbata ba, amma in ka je Bostan ka nemi cauda, fara za a kawo maka.