Zuwa Elkhart neman tsohon ƙaho

Jirgin ƙasan South Shore ya bar tashar Millennium ta Chicago da sanyin safiya, wata Asabar cikin watan Oktoba. Kayana ba su wuce 'yar jaka ba. A cikinta akwai bakin busana ƙirar Bach mai lamba 3C, nannaɗe a hankici, da kwalbar man bawul, da dala 600 da na yi watanni ina tarawa. Ƙaho nake nema, irin na 'yan badujala mai bawul uku, wanda ake kira tarampet. Shekara biyu ke nan rabona da nawa, tun da na bar shi a hannun wani yaro a Kaduna na taho karatu.

Wanda ya koya mini busa tsohon ɗan badujalar 'yan sanda ne, muna ce masa Baba Saje. Daren da zan tafi na kira shi a waya. Bai tambayi sunan kamfani ba, bai tambayi farashi ba. Cewa ya yi, "Ɗana, kada ƙyalli ya ɗauke maka ido. Bawul za ka duba. Ƙahon da bawul ɗinsa ke yoyo, ko da zinariya aka wanke shi, wahala ka sayo."

Mun wuce Gary da manyan masana'antunta na ƙarfe, hayaƙi na tashi ta gefen tafkin Michigan, sannan tuddan rairayi da itatuwan da ganyensu ya koma ja da rawaya. Da muka kusa South Bend agogon wayata ya yi tsalle da awa guda, domin wannan yanki na Indiyana yana gaban Chicago a lokaci. Daga nan mota na shiga, tafiyar da ba ta kai ta minti arba'in ba, sai ga Elkhart.

Gari ne madaidaici, a inda kogin Elkhart ya faɗa cikin kogin St. Joseph. Yau an fi saninsa da ƙera motocin nan masu ɗaki da gado a ciki, waɗanda Amurkawa ke yawon hutu da su. Amma ga mai busa, sunan Elkhart wani abu ne daban, don an zana shi a jikin ƙahoni da yawa da suka zagaya duniya. Asalin abin daga leɓen mutum ɗaya ne. Charles Gerard Conn, tsohon soja mai busa, ya ji rauni a leɓe, sai ya ƙera wa kansa bakin busa mai zoben roba don ya rage zafi. Wasu suka gani suka so, ya yi rajistarsa a 1875, daga nan ya shiga ƙera ƙahonin kansu. Ma'aikatan da suka koyi sana'a a wurinsa wasu suka fita suka kafa nasu, kamar Buescher da Martin, kamar dai yadda yaron maƙeri kan buɗe tasa maƙerar a unguwa ɗaya da maigidansa. Kamfanin Bach kuwa daga baya ya iso. Vincent Bach ɗan ƙasar Ostiriya ne, ya fara da bakin busa a New York a 1918, ya koma Mount Vernon a 1953, ya sayar wa kamfanin Selmer a 1961, aka kwaso aikin zuwa Elkhart a 1965, kuma har yau a nan ake yi.

Shagon da aka kwatanta mini yana bayan wani gida. Mai shi dattijo ne da ya yi shekaru a ɗaya daga cikin masana'antun garin kafin ya ajiye aiki. Warin man goge ƙarfe da na dalma ne ya fara tarbata. Ƙahoni rataye a bango kamar ƙwarya a ɗakin amarya, wasu ba mazurari, wasu ba bawul. Na gaya masa abin da ke aljihuna ba ɓoye-ɓoye. Ya ce to, ya ɗauko guda biyu ya ajiye a kan tebur, dukansu Olds Ambassador.

Na san sunan. Kamfanin F. E. Olds na Kalifoniya ne ya fitar da Ambassador a ƙarshen shekarun 1940 domin 'yan makaranta, da fari a Los Angeles, daga tsakiyar shekarun 1950 kuma a Fullerton, har kamfanin ya rufe a 1979. An yi su da kauri don su jure hannun yara, shi ya sa da yawansu suka kai yau.

Na farkon yana sheƙi kamar jiya aka ƙera shi. Na biyun kuwa ruwan ƙyallinsa ya zube a duk inda hannu ke kamawa, tagullar ta yi duhu, ga wani bututu sabo fil a jikinsa wanda launinsa bai dace da sauran ba. Hannuna ya nufi mai sheƙin. Dattijon bai hana ni ba, sai ya ce, "Samari, zare gwiwar bawul na biyu, amma kada ka danna bawul ɗin."

Na zare. Shiru. Na ɗauki mai duhun na yi masa haka, sai na ji ya ce fau, kamar an cire murfin kwalba. Nan ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Fistan ɗin bawul yana hawa da sauka cikin gidansa sau dubbai, shekara hamsin ko sittin, ƙarfe na cin ƙarfe, har rata ta samu tsakaninsu. Ratar ba ta ganuwa da ido, amma iska na bi ta nan. Mai busa sai ya ji sautin ƙasa ya yi laushi, na sama ya ƙi tsayawa, ya yi ta ƙara ƙarfi yana zargin leɓensa. Maganinsa aiki ne mai cin lokaci: a gyara cikin gidan ya koma da'ira sosai, a yi wa fistan sabon rufin nikel ya ƙara kauri, sannan a yi ta goga su da juna da hannu har su zauna daidai. Wannan ne ya yi wa mai duhun. Mai sheƙin kuwa a haka ya saye shi daga wani, an goge shi da inji an fesa masa sabon ruwan ƙyalli, bai riga ya taɓa cikinsa ba. Ya nuna mini zanen sunan da ke kan mazurarinsa, haruffan sun dushe kamar tsohon kwabo. Ya ce kowace guga tana tafiya da ɗan ƙarfe, kuma abin da inji ya cinye ba ya dawowa.

Sabon bututun nan da ya ɓata mini gani, ashe shi ne maƙogwaron ƙahon, inda ake cusa bakin busa. Ya ɗauko tsohon da ya cire ya ba ni. Jikinsa duk ɗigo-ɗigon ja ne. Tagullar ƙaho haɗin jan ƙarfe ne da tutiya, kuma danshin numfashi da yawu in suka daɗe a ciki sukan zuƙe tutiyar, su bar jan ƙarfen kamar soso. Daga ciki ciwon ke farawa, in ka gan shi a waje to ya riga ya ratsa. Na tuna ƙahonin makarantarmu da muke naɗe wa salatif, ba mu san abin da ke cinsu ba.

Sai na roƙe shi abin da ya kawo ni da gaske. Ina so in ji tazarar da ke tsakanin wannan tsoho da ƙahonin ƙwararru. Ya shiga ciki ya fito da Bach Stradivarius mai mazurari lamba 37, wankakke da azurfa, da kuma Yamaha Xeno. Sabon kowannensu ya haura dala 3,000. Ya ce in yi amfani da bakin busana a dukansu, in busa abu ɗaya, kada in canza komai.

Ba zan ce babu bambanci ba, domin akwai, kuma duk wanda ya ce maka tsohon ƙahon ɗalibai daidai yake da Bach son zuciya ne ke magana. Da na sa Bach a baki, kowane sauti kamar yana da ɗakinsa, ka nufe shi ka same shi a zaune. Sautin yana da cibiya, kuma da na ƙara iska bai fashe ba, sai ya ƙara faɗi. Mazurarinsa daga falle ɗaya na tagulla ake yanko shi, a naɗe, a buga da guduma, kuma ana jin yadda yake rawa a tafin hannu. Na fahimci dalilin da ya sa masu busa a manyan ƙungiyoyin kiɗa suka riƙe shi. Adolph Herseth, wanda ya shugabanci masu ƙaho a Chicago Symphony daga 1948 zuwa 2001, Bach yake busawa. Yamaha kuwa ya fi shi sauƙin kai. Daga ƙasa har sama sautukansa a jere suke kamar haƙoran matsefi, ba wanda ya fi wani tsawo, kuma bawul ɗinsa kamar ba ka danna komai ba.

Ambassador ya fi su taurin kai a sama. Da na wuce layin sama na takardar waƙa sai na ji ina turawa, kuma in na busa da ƙarfi sosai sautin yakan yi kaifi ya tsaya nan, ba ya buɗewa kamar na Bach. Ba shi kuma da maƙalar babban yatsa a gwiwar bawul na ɗaya, wadda ake gyara sauti da ita ana cikin busa, sai zoben gwiwa ta uku kaɗai. Amma a tsakiya, inda mafi yawan waƙa take zaune, murya gare shi mai kauri da ɗumi, irin wadda nake ji a tsofaffin faya-fayan haylaif na Victor Olaiya da E. T. Mensah da Baba Saje ke sa mana. Na busa wani taken fareti da muka saba, ban san lokacin da na maimaita shi sau uku ba.

Dattijon ya ce in koma ƙarshen shagon in juya baya. Ya busa ukun ɗaya bayan ɗaya, a hankali, sannan da ƙarfi. A busar ƙarfi na gane Bach nan take. A busar hankali kuwa sau biyu ina ɗaukar Ambassador a matsayin Yamaha. Abin da mai busa ke ji a bayan ƙaho daban ne da abin da ke isa kunnen mai sauraro, kuma rabin kuɗin ƙahon ƙwararru sauƙi yake saya wa mai busa: ya yi awa uku a kan dandamali leɓensa bai mutu ba, ya kai sautin sama ba fargaba. Wanda abincinsa ke nan, wannan sauƙin ya cancanci kuɗinsa. Ni busar da nake nufin yi ta yamma ce da ƙarshen mako, tare da wasu 'yan Afirka ta Yamma da muke haɗuwa a wani zaure a kudancin Chicago.

A can saman bango na hango wani Martin Committee, irin wanda Miles Davis ya busa, ƙirar wannan gari. Ya sauko mini da shi na ɗan taɓa. Sautinsa kamar hayaƙi, yana lanƙwasuwa duk inda ka kai shi, amma saboda haka ɗin ne yake da wuyar riƙewa. Farashinsa ya kai na sabon Bach ko ya fi. Na mayar masa da hannu biyu.

Mun daidaita a kan dala 550, har da tsohon akwatinsa mai warin ajiya. Kafin ya rufe akwatin ya nuna mini inda aka zana Fullerton a kan mazurarin, haruffan nan raɗau domin inji bai taɓa bi ta kansu ba. Ya ba ni wani siririn buroshi mai igiya, ya ce in riƙa zura shi a maƙogwaron bayan kowace busa, in kuma wanke bakina in na ci abinci kafin in ɗauki ƙaho. Ya tambaye ni ko muna da irin wannan a ƙasarmu. Na ba shi labarin kakaki, doguwar tagulla ba bawul ko ɗaya, wadda ba a busa wa kowa sai sarki, da yadda 'yan sautukanta kaɗan suke kiran kirari har jama'a su gane maganar. Ya ajiye abin da ke hannunsa yana saurare, ya yi ta tambayar yadda ake haɗa gaɓoɓinta.

Na koma Chicago da dare, akwatin a kan cinyata har tashar ƙarshe. Washegari da hantsi, lokacin la'asar ta yi a Kaduna, na kira Baba Saje, na jingina wayar a jikin littattafai, na busa masa tun daga sautin ƙasa har sama. Ya yi shiru na ɗan lokaci.

"Bawul ɗin ba ya yoyo," in ji shi. "Amma re ɗinka na ƙasa ya hau. Tura gwiwa ta uku, ka sake."

Na sa yatsa a zoben, na tura, na sake busawa.