Tsamin Ruwan Kifi

Ina kiwon ƙananan kifaye cikin akwatin gilashi. Babban abin da nake lura da shi, ruwansu, gama ruwa yakan yi tsami ko da ido na ganinsa garau. Kashin kifi da ragowar abinci su ke ruɓewa su kawo tsamin nan. In ya yi yawa, sai kifi ya ƙi ci, har ya mutu.

Akwai ma'auni da ake kira pH, daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya, abin da ya gaza 7 kuwa tsami ke nan. Nakan gwada ruwan da wata 'yar takarda mai sāke launi.

Kun san yadda kanwa ke kashe tsamin yakuwa a miya. To, amma ba na zuba wa kifi kanwa, don canji farat ɗaya yana halaka su. Kowane mako nakan kwashe rubu'in ruwan, in zuba sabo wanda ya kwana. Na kuma dandaƙa ɓawon katantanwa, na wanke, na shimfiɗa a ƙasan akwatin. Ɓawon yana narkewa kaɗan-kaɗan, yana rage tsami dare da rana. Sannu ba ta hana zuwa.