Wa za a ba ajiyar?

Ɗakin kwamfutocin wani ofishi na gani an kwashe, sai wayoyi ke reto a bango. Lissafin albashi, bashi da kayan sito duk sun koma rumbun intanet. Kamfanin SAP zai rage kula da ECC, tsohuwar manhajarsa ta irin wannan lissafi, bayan 2027, don haka kamfanoni ke ta neman wanda zai yi musu wannan ƙaura, suna auna farashi, Amazon ko Microsoft. Ni dai amanar ce ta tsaya mini a rai. A da, wanda ka san gidansu kake ba ajiya. Yau kuwa mutum na miƙa asirin kasuwancinsa ga waɗanda bai taɓa gaisawa da su ba, yana fatan za su ɗaga waya ranar da albashi ya maƙale.